Ɗan Rakiya Ba Ya Wuce Ƙofar Gari

Soron Ɗinki,
Cikin birnin Kano.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kura lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mai sharri. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarka, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Tarin nan ne ba ya barina in kai ƙarshen magana. Kuma in na fara, idonka na kan waya, kana ta cewa "to Baba, to Baba." Na san irin wannan "to" ɗin, shekara talatin da biyar ina karɓar irinta daga bakin yara. Ban da haka akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa ba. Alƙalami shi ba shi da kunya.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, domin babu. Ni ne, da buta, da rediyo, da ƙadangarun zaure.

Ranar da takardar ɗaukarka aikin koyarwa ta zo, mutanen unguwa suka yi ta shigowa barka, suna cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Ina amsawa, amma da baki kawai. Sana'ar dai ka gada, ba yadda za a yi. Malamin ne ba na so ka gada. A unguwar nan ana kirana gwanin malami. Yau ranar wanka ce, ba zan ɓoye maka cibiya ba.

Kuskurena na farko kalma biyu ne: "Kun gane?" Zan cika allo da lissafi daga sama har ƙasa, in juyo in kakkaɓe hannu, in ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane, Malam!" Har maƙwabtan makaranta suna jiyowa. In ji daɗi in wuce gaba. Yaron da tun yana rarrafe ake koya masa kada ya musa wa babba, ka tsare shi da ido, ga bulala a kan tebur, ka tambaye shi ko ya gane, me zai ce? Ladabi suke yi mini, ni kuma ina ɗaukarsa ilimi.

Wata rana abokin aikina Malam Tijjani, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai tsokana, ya leƙo ta taga ya ce wa ajina, "Yara, jaki ƙafarsa bakwai. Kun gane?"

Suka ce, "Mun gane, Malam!"

Ya dube ni ya ce, "To gwani, ga gwanayenka nan. Gobe sai mu ƙara masa ƙaho."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. A inda ya kamata in zauna in yi kuka, nan na yi dariya, na koma na ci gaba da darasina.

Saboda haka ka cire tambayar nan daga bakinka. In ka gama bayani, ka ba su abu ɗaya ƙarami su yi, ka ajiye alli, ka taka zuwa bayan aji ka leƙa littattafai. Littafi ba ya yi wa kowa ladabi. In kuma ka jefa tambaya, kada ka kira hannun da ya fara tashi. Ka yi salati uku a zuciyarka tukuna. Kafin ka gama za ka ga hannayen da ba ka taɓa gani ba suna tasowa a hankali, kamar masu jin tsoron a hango su.

Kuskure na biyu yana da suna, Sagir. Ɗan wani mai sayar da yadi ne a Kasuwar Kurmi, kansa kamar aska. Kafin in gama rubutu a allo ya kusa gama kwafa. Sai na mayar da shi agogona. In Sagir ya ajiye biro, lokaci ya cika.

"Sagir, ka gama?"

"Na gama, Malam."

"To tashi ka goge allo."

Yana sa tsumma za ka ji ƙananan muryoyi daga baya, "Wayyo Malam, ba mu gama ba!" Ni kuwa in ce, "Jirgi ba ya jiran fasinja."

Ina da hujjata a lokacin. Akwai manhaja, an ce mako kaza a kai wuri kaza. Mai duba makarantu zai zo ya buɗe littafin shirin darasi ya ga inda na kai. Ban taɓa makara ba. Hedimasta da ni yake ba sababbin malamai misali. Kowace shekara ina kai manhaja gida lafiya. Yaran ne nake zubarwa a hanya.

Kana tsammani ko shi Sagir ɗin ya amfana? Bara na gamu da shi a wani ɗaurin aure a Ƙofar Mazugal. Ya zama babban mutum, babbar riga tana ƙyalli, mutane na biye da shi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce wa abokansa, "Ga malamina na aji shida." Har kaina ya fara kumbura. Sai ya yi dariya ya ce, "Wallahi Malam, ni a ajinka digirin goge allo na yi. Shekara guda ina shaƙar alli. Sai da na je sakandare na san ana yin gumi a kan karatu, saura kaɗan in gudo." Suka bushe da dariya. Da wasa ya faɗa, amma na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Ashe na baya na bar su, na gaba kuma na ɗaure shi a turke. Ba wanda na yi wa adalci.

Mai sauri ma haƙƙinsa yana wuyanka. Kullum ka shiga aji da tambaya mai wuya ɗaya ko biyu a aljihu, irin wadda za ta sa shi tauna biro. In ya gama ka miƙa masa. Kada ka ba shi tsumma, kada ka ba shi bulala ya tsare maka aji. In zai taimaki ɗan'uwansa, ya zauna kusa da shi a benci, kada ya tsaya a kansa. Allon kuma ka raba shi biyu da alli. Hannun dama ka sa abin da dole kowane yaro ya tafi da shi gida ran nan, ka taƙaita shi, kuma kada hannu ya taɓa shi sai an tashi. Hannun hagu na masu sauri ne, a goge a sake yadda aka ga dama. In mai dubawa ya zo ya same ka a baya da mako biyu, zai ɓata rai, ya yi rubutu a littafinsa. Ƙyale shi. Fushinsa na yini ɗaya ne, kuma ba shi zai tsaya maka gobe ƙiyama ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin nan na san shi tun ina ɗan shekara biyar. A zauren Alaramma Malam Isa, nan bayan gidanmu, tabarma ɗaya muke zama, amma kowa da allonsa. Wani yana Fatiha, wani ya yi nisa cikin izu talatin. Ba mai wanke allonsa sai ya biya, Alaramma ya gamsu ya ce, "Je ka wanke," sannan a yi masa ƙari. Mai sauri ba ya jiran kowa, mai nawa ba a jan sa a ƙasa. Da na shiga kwalejin horon malamai, na sa farin wando da takalmi sau-ciki, sai na raina wannan, na ce tsarin mutanen da ne. Can yaro ke wanke allonsa in ya iya. Ni kuwa ina goge wa yara allo in na ƙosa. Na san ajinka zai cika har bakin ƙofa, ba za ka iya ba kowa allonsa ba. Amma za ka iya tuna cewa ba tare suke tafiya ba, ko da a benci ɗaya suke zaune.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa.

Na kasance ina zaunar da yara bisa ga sakamakon jarrabawa. Na ɗaya a bencin gaba kusa da teburina, na ƙarshe can jikin bango. Benci biyu na baya na laƙaba musu suna, 'yan rakiya. Nakan ce, "Ku ai rakiya kuka yi wa masu karatu. Ku yi shiru kada ku dame su." Aji ya yi dariya, su ma su yi murmushin yaƙe. Sunan ya bazu a makaranta, har ya fito unguwa. Yau akwai magidanta a birnin nan masu furfura a gemu da har yanzu abokansu ke tsokanarsu da shi. Ni na haifi sunan nan.

A cikin 'yan rakiya akwai yayanka.

Ba a haife ka ba lokacin, kuma ba wanda ya taɓa ba ka labarin yadda yake, domin ni ya kamata in bayar. Shi ne ɗan farinmu, ka kuwa san al'ada. Ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi, ba na nuna na san da shi a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi wa yayana, ban ga aibin abin ba. A gida kunyar ba ta cutar da shi sosai ba, akwai kakarsa da baffanninsa masu jan sa a jiki. Amma da ya shigo aji shida ya zama ɗalibina, sai na shigo da kunyar cikin aji, inda ba kaka ba baffa, sai ni kaɗai.

In ina kiran rajista na zo kan sunansa, sai in ɗaga kai in gan shi, in yi maki in wuce. In dole ta kama in yi masa magana, sai in ce, "Kai, na jikin taga." Ban taɓa tsayawa a kan bencinsa ba, kada malamai su ce ina fifita ɗana. Rubutunsa a hankali yake yi. In Sagir ya tashi da tsumma, sauran na baya suna kuka suna roƙo, shi kuwa ba ya roƙo. Shi ma kunyata yake ji. Sai ya ajiye biro ya zuba wa allon ido har a gama gogewa.

Marigayiya Innarku ta taɓa yi mini magana sau ɗaya. Ita ma ba ta iya kama sunansa, sai ta kewaya. Tana miƙo mini ruwan alwala ta ce, "Malam, a riƙa waiwaye. Ayari in ya cika sauri, akwai mai ɗingishi a baya."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa shiga aji ba, me kika sani a boko?"

Ta ce, "Ban sani ba kam." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Yayanka ya faɗi jarrabawar shiga sakandare. Na sa ya maimaita aji shida, a ajina, a bencin nan dai. Wani mai saurin ya gaji tsumman Sagir, komai ya tafi yadda ya tafi bara. Ya sake faɗuwa. Ranar da sakamako ya fito muna zaune a zaure bayan la'asar da abokaina, wani ya ce, "Malam, yaya na wajenka?" Don in nuna abin bai dame ni ba, na ce, "Wa? Wancan? Ai ɗan rakiya ne." Ashe yana bayan ƙofa da butar shayi da aka aiko shi ya kawo mana. Ya shigo ya durƙusa ya ajiye, ya fita. Butar ko girgiza ba ta yi ba.

Bayan kwana uku ya same ni a zauren nan da ƙullin kayansa. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ɗan rakiya ba ya wuce ƙofar gari. Na rako su, sun wuce. Zan juya. A ba ni izini in tafi wurin Kawu a Kura."

Ka san abin da na ce? Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ko tashi ban yi ba. Na ɗauka dattako ne.

Tun daga ran nan sai da Sallah yake zuwa. Ya durƙusa a bakin zaure, "Baba, barka da Sallah," ya shige ɗakin Innarku. Da ta rasu ya zo ya yi kwana bakwai na zaman makoki, ya koma. Shekara uku ke nan ban sa shi a ido ba. Kai ka ɗauka halinsa ne rashin son mutane. Ba halinsa ba ne, aikina ne.

Watannin baya ina neman wani bargo a akwatin Innarku, sai na ci karo da ƙulli a ƙasan zannuwanta. Littattafansa ne na aji shida, na shekara biyun duka. Ita da ba ta iya karanta boko ba, ta adana su shekara talatin. Na sa tabarau na zauna a bakin gado.

Nasiru, ban taɓa ganin rubutun yaro mai kyau irin wannan ba. Kowane harafi a zaune kamar an jera duwatsun wuya. Kuma kowane shafi a tsakiya ya tsaya. Akwai inda ya rubuta, "Sana'o'in mutanen Kano su ne rini, da ƙira, da saƙa, da du" shi ke nan. Dukanci zai rubuta, tsumma ya riga shi. A ƙasa ya bar layi huɗu babu komai, yana sa ran wata rana zai cike. Haka shafi na gaba, haka na gabansa, duk da filin da ya bari. Na bi lissafinsa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Duk inda ya kai daidai ne, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Ba ya barin layi sai ya fahimce shi, yadda aka koya masa a makarantar allo. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Lokaci ne kawai nake ƙwace masa.

A ƙarshen kowane shafi kuma ga jan birona: "Bai gama ba." Ko a cikin littafinsa ban iya ce masa "ba ka gama ba." Kamar ina ba wani labarin ɗan wani.

In za ka duba littafin yaro, ka fara daga ƙasan shafi. Ka ga inda ya tsaya, ka tambayi kanka wa ya tsayar da shi. Kada ka zaunar da yara bisa ga maki, ka riƙa juya su, na bango ya ɗanɗani gaba. In ka raba su rukuni don aiki, rabon ya zama na ran nan kawai, kuma kada ka sa wa rukuni suna, domin suna ya fi malami tsawon rai. Kowane yaro ka kira shi da sunansa, ko da naka ne. Kunya ta zaure ce, ka tuɓe ta tare da takalminka a ƙofar aji.

Maƙwabcinmu Alhaji Sule, mai noman shinkafa a wajen Kura, ya shigo duba ni kwanaki. Ya ce duk yankin ba mai gyaran injin ban-ruwa kamar yayanka, kuma yana da masu koyon aiki a hannunsa. Ya ce, "Malam, abin mamaki, kowa da injin da yake kwancewa. Wani wata uku yana kan abu ɗaya, ba ya ɗaga masa murya. In ka ce ya yi sauri sai ya ce, bar shi, bai gama ba. Wallahi Malam, kada ka ji haushi, ɗan nan naka ya fi ka iya koyarwa."

Na ce, "Ai ba gada ya yi ba."

Alhaji Sule ya yi dariya, ya ɗauka raha nake yi.

To ga abin da nake roƙonka. A ƙarƙashin wannan takarda za ka ga littafi ɗaya mai koren bango, shi ne mai shafin sana'o'in Kano. Na ɗauki biro zan cike masa kalmar, sai na ga filin ba nawa ba ne, nasa ne, shi ya bar wa kansa. Kafin ka shiga aji ranar farko, ka nemi rumfarsa. Ka zauna ka ga yadda yake koyarwa, zai fi maka wannan takarda amfani. Sannan ka ba shi littafin. Ka ce malaminsa na aji shida ya sake dubawa, ya ga babu kuskure a ciki, kuskuren na mai jan biro ne. Ka ce ina zauren nan inda ya bar ni, ina jira, ba zan ce ya yi sauri ba, ba ni da bakin faɗin haka. Sai dai ya sani likita ya saurari ƙirjina ya yi shiru, kuma akwai Mai goge allon da ba ya tambaya ko an gama.

In bai zo ba, kada ka matsa masa, kada kuma ka ga laifinsa. Wanda ya ƙi jiran yaro minti biyar ba shi da hujjar cewa a yi masa gaggawa.

Saura abu ɗaya. Shekara arba'in da biyar ban faɗa ba, ban rubuta ba sai a rajistar gwamnati. Ka nuna masa wannan layin, ya gani da rubutun hannuna:

Haruna. Haruna, ɗana. Ka gama, ni ne ban jira ba.

Allah ya yi muku albarka kai da shi. Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya ba ka haƙurin da ya hana ni, ya sa kada haƙƙin ɗan kowa ya rataya a wuyanka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaida Kawunku in yana gane mutane. Kada ka damu da ni, matar Alhaji Sule tana aiko da kunu da safe, ƙofar zaure kuma a buɗe nake barinta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinku.